Gyaran tsohon mutum-mutumin roba na Kirsimeti mai fitila a ciki

Tambaya: Ina zaune a Kolombus ta jihar Ohayo a Amurka. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, tana da mutum-mutumin dusar ƙanƙara na roba da take girkewa a ƙofar gida duk Kirsimeti, ana kunna masa ƙwan lantarki daga ciki. Fentinsa ya koɗe, hularsa ta tsage, wayarsa ta tsufa, kuma ina so in gyara mata shi kafin Disamba. Ina da ragowar fentin mai da burushi. Za su yi?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan zumunci na maƙwabtaka, amma ki ajiye burushin nan da fentin mai a gefe, domin su ne za su lalata aikin. Irin wannan mutum-mutumi holoƙo ne, ana hura narkakkiyar roba da iska a cikin mazubi har ta ɗauki siffarsa, kamar yadda ake yin jarka, kuma robar ita ce folitilin, dangin ledar da muka sani. Ta yi suna wajen ƙin riƙe fenti da gam, saboda fuskarta santsi gare ta kamar an shafa mata kakin zuma. Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, shi ne an yi shi ne domin a kalle shi da dare. Duk inda fenti ya yi kauri haske ba zai ratsa ba, duk inda ya yi sakayau zai yi fau, don haka aikin burushi da ya yi kyau da rana yakan fito da zane-zane da dabbare-dabbare da zarar an kunna ƙwan.

Kafin komai, ki kifa shi ki duba ƙasansa ko bayansa, inda galibi ake samun sunan kamfani da shekara. Shekarar ta mazubin ce, ba lallai ta zama ta ranar da aka yi wannan ɗin ba, amma tana ba da haske. Empire da Union Products da General Foam Plastics su ne sunayen da aka fi gani. Masana'antar Union Products ta rufe a 2006, General Foam kuma ta sanar da rufewa a 2017, shi ya sa tsofaffin suka yi daraja a wurin masu tara su, waɗanda da yawansu sun fi son fentin asali ko da ya ɗan koɗe. A ganina, idan koɗewar kaɗan ce, wanki kawai ya isa. Shekarar tana da wani amfanin: sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a kayan amfanin gida, saboda haka idan ya girmi wannan shekara kada ki goge shi da samfefa a bushe, domin ƙurar ce ke shiga huhu.

Ki ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, ki cire wayar, ki wanke shi ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Sannan ki danna jikinsa da yatsa a wurare daban-daban. Idan ya lotsa ya dawo, robar tana da rai. Idan kuwa ya yi gautsi yana fitar da farin gari, rana ta cinye shi kamar bokitin da ya shekara a tsakar gida, sai a lallaɓa shi. Tsohon fentin ana cire shi da maganin cire fenti mai kauri irin na Citristrip, a shafa, a rufe da leda na ɗan lokaci, a cuɗa da soso mai laushi, da safar hannu, a wurin da iska ke kaɗawa. A fara gwadawa a ƙasan gindinsa, kuma a cire fentin kakaf, domin ɗan abin da ya maƙale a lungu zai fito baƙi a cikin haske.

Tsagar hular ba ta gam ba ce. Dabarar ita ce ta masu liƙin roba da ke yawo a unguwanninmu na gida da ƙarfe mai zafi: ki yanko siririn yanki daga galan ɗin madara mai lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku, wanda robarsa iri ɗaya ce, ki narka shi a kan tsagar da ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo, daga ciki idan hannu zai kai. Ki huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar tukuna, don kada ta ci gaba da tafiya.

Fentin da ya dace shi ne na feshi da aka rubuta a gwangwaninsa cewa na roba ne, kamar Krylon Fusion. Ki goge jikin da sifirit, ki daina taɓa shi da hannu tsirara, ki rufe inda ba a so fenti ya taɓa da salatif ɗin masu fenti da takarda. Farin jikinsa sau da yawa launin robar ne, ba fenti ba, don haka a bar shi yadda yake. Ki riƙe gwangwanin nesa da shi kamar santimita 25, hannu na tafiya ba tsayawa, ki yi feshi sama-sama sau biyu ko uku maimakon guda mai kauri. Ga abin da ke raba gwani da ɗan koyo: ki sa fitila a cikinsa, ki rage hasken garejin da ƙofa a buɗe, ki duba bayan kowane feshi, ki tsaya da zarar launin ya daidaita alhali haske na ratsawa. Baƙin hula da idanu da maɓallai ne kaɗai ba su damu da kauri ba, nan ƙaramin burushi ma zai yi. Kada ki jira sanyi ya kama, domin fentin feshi ba ya kama jiki sosai idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 na Salshiyas, kuma a Ohayo Oktoba ta fi Nuwamba sauƙin samun irin wannan rana. Ki ba shi mako guda ya bushe sosai kafin a fitar da shi.

Wayar kam ba a gyara ta, sauya ta ake yi da sabuwa wadda aka yi domin waje, a jona ta a soket mai katse wuta da kansa idan ruwa ya shiga, irin wanda ke da maɓallai biyu a fuskarsa. Ki sa ƙwan LED mai haske ruwan ɗorawa, domin ba ya zafin da zai narka robar, kuma ya fi kama da hasken da dattijuwar ta saba gani. Ki zuba yashi a leda ki saka a gindinsa saboda iska, bayan biki kuma a lulluɓe shi da tsohon zane a ajiye a ɗakin ƙasa, ba a saman silin ba inda zafin bazara ke gasa roba.