Zinaren fasa-ƙwauri: ina haɗin kan ƙasashe yake kamawa, ina yake yoyo?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa daga Garwa ya rubuto cewa: "Ina sayen zinare kaɗan-kaɗan a hannun masu haƙa a yankin Mayo-Rey. Kullum muna ji a rediyo wai ƙasashe sun haɗa kai don hana haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, amma ramuka sai ƙaruwa suke, kaya kuma na fita. Me wannan haɗin kan yake yi a zahiri, kuma ya shafi irina?"

Amsa: Alhaji, sai mu fara da kayan da ke hannunka. Kilo ɗaya na zinare tsantsa bai wuce girman ƙaramar wayar salula ba, aljihun riga ya ishe shi. Idan aka narkar da garin da aka wanko a Mayo-Rey tare da na Kuri Bugudi da ke arewacin Cadi da na Darfur, aka zuba su dunƙule guda, an gama. Gwajin ruwan da kuke yi, wato a auna nauyi a sarari, a sake aunawa cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin awon biyu, zai nuna maka kyawun kaya: tsantsa yakan ba da 19.3. Amma ba zai gaya maka ramin da ya fito ba. Shi ya sa zinare bai da tsarin takardar shaida na duniya irin na Kimberley da ke aiki kan ɗanyen lu'ulu'u tun 2003, wanda Kamaru ta shiga a 2012.

Tunda ba a iya bin sawun ƙarfen, sai aka koma bin takarda da kuɗi. A nan ne haɗin kan ya fi amfani. Ana ɗaukar abin da duwan, wato kwastan ɗin ƙasa, ya rubuta ya fita, a gwada da abin da ƙasar da ta saya ta rubuta ya shigo. Rahoton EITI, shirin bayyana harkar kuɗin ma'adinai a fili, na Kamaru kan shekarar 2023 ya nuna duwan ya rubuta fitar kilo 22.3 kacal, alhali ƙasashen da suka saya sun rubuta shigar sama da tan 15 daga Kamaru, mafi yawa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tan ɗaya kilo dubu ne, ka lissafa. Sai dai a kula, ba duka ne aka haƙo a ƙasar Kamaru ba. Zinaren maƙwabta, musamman Afirka ta Tsakiya, kan tsallako ya fita da sunan Kamaru. A faɗin nahiyar kuwa, ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta aƙalla tan 435 aka yi fasa-ƙwaurinsa daga Afirka a 2022, na kimanin dala biliyan 31.

Ɓangare na biyu matsin lamba ne kan matatu. Ƙa'idar 2011 ta OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasa, ta ɗora wa mai saye matakai biyar: ya kafa tsarin sanin masu kawo masa kaya, ya tantance haɗarin cewa kuɗin na zuwa ga masu bindiga, ya ɗauki mataki, ya bari wani daga waje ya bincike shi, ya fitar da rahoto duk shekara. Tarayyar Turai ta mayar da wannan ƙa'ida doka daga 1 ga Janairun 2021. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma, ƙasar da Dubai take, ta wajabta wa matatunta daga 2023, bayan hukumar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta saka ƙasar a jerin waɗanda ake sa wa ido a Maris 2022. An cire ta a Fabrairun 2024. Inda tulun yake yoyo shi ne, fasinja zai sauka da dunƙule a jakar hannu, ya sayar a kasuwar maƙera, a narkar, a kai matata da sunan tsohon kayan ado. Kuɗin kuma ya dawo ta hawala, ko a siffar motoci da wayoyi da atamfa, babu bankin da ya gani.

Batun soja a kan iyaka shi ne ya fi ƙara a rediyo, kuma a ganina shi ya fi ƙarancin tasiri. Cadi da Libiya da Nijar da Sudan sun sa hannu kan yarjejeniyar tsaron iyaka a Injamena ranar 31 ga Mayun 2018. Shekara huɗu bayan nan, a Mayun 2022, rikici a Kuri Bugudi ya ci rayuka kimanin 100. Rufe fili ba ya kashe sana'ar, tura ta yake yi gaba. Da Nijar ta rufe filin zinaren Jado a 2017, masu haƙa suka watsu zuwa wasu filayen Sahara. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ƙara dagula lamarin, har Amurka ta saka wa kamfanin zinare na Al Junaid, mai alaƙa da dakarun RSF da ke yaƙi da sojin Sudan, takunkumi a Yunin wannan shekarar. Akwai kuma yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaibar da ake kama garin zinare da ita, yarjejeniyar da Cadi da Kamaru duk suka amince da ita. Zaibar da ake ƙonawa a cokali a bakin rami, hayaƙinta na shiga huhun mai ƙonawa, ta hanyar da zinare ke fita take shigowa.

To, ya shafe ka? Ƙwarai. Dokar ma'adinai ta Kamaru ta Disambar 2023 ta ba kamfanin gwamnati SONAMINES, wanda aka kafa a 2020, keɓantaccen ikon saye da sayar da zinare da lu'ulu'u. Ke nan saye a bakin rami ba tare da izini ba na iya jawo ƙwace kaya da gurfana a kotu, ko da giram goma ne. Ka je ofishin ma'adinai na jiha a Garwa ka nemi a bayyana maka takardar da ta dace da irin cinikinka, kafin ka sake ɗaure kuɗi. Ka buɗe littafi: rana, sunan fili, nauyi, sakamakon gwaji, lambar katin mai haƙa, farashi. Kada ka haɗa kayan fili biyu a narki ɗaya, don da zarar ka haɗa, kai ma ba za ka iya rantsuwa kan asalinsa ba. Ka guji abin da aka haƙo cikin gandun dajin Binuwai ko na Buba Njida, haƙa a can haramun ce tun daga tushe, babu takardar da za ta wanke shi. Idan kuma wani ya zo yana ba ka farashin da ya kai ko ya wuce na kasuwar duniya, tsabar kuɗi, ba rasit, to ba ribar zinare yake nema ba. Kuɗin da ke hannunsa yake son ya sauya wa kama, kuma sunanka ne na ƙarshe da jandarma za su samu a wayar direbansa.