Mata, haske da inuwa a tsofaffin fina-finan Jamus marasa magana

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen wasan kwaikwayo, an ba mu aikin kallon tsofaffin fina-finan Jamus marasa magana: Caligari da Nosferatu da Metropolis. Gidaje a karkace, inuwa ko'ina, fuskoki kamar an shafa musu alli. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matan ciki. Ko dai saliha ce ana sace ta, ko shaiɗaniya ce mai halaka maza. Raina mata ne kawai irin na wancan zamani, ko akwai alaƙa tsakanin wannan zane mai ban tsoro da yadda aka nuna su?

Amsa: Malama, idonki ya gani daidai, kuma alaƙar tana nan. A waɗannan fina-finai ba da baki ake gaya miki ko wace ce mace ba, da haske da inuwa ake gaya miki. Sai dai ina so ki ƙara abu ɗaya a kallonki: ki dubi mazan ma. Tsoronsu ne aka zana a bango, macen kuwa a kanta aka sauke shi.

Salon da ake kira esfireshanizim daga masu zane da masu wasan dandali ya shigo fim. Manufarsa ita ce a nuna duniya yadda zuciyar da ta firgita take ganinta, ba yadda ido mai lafiya yake gani ba. Shi ya sa a Caligari, wanda Robert Wiene ya ba da umarninsa aka fara nuna shi a Berlin a 1920, masu zane uku, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, suka zana tituna da tagogi a kan yadi da takarda, har inuwar ma da fenti suka shafa ta a ƙasa da bango. Farar hoda da baƙin kwalli mai kauri kuwa suna taimaka wa fuska ta yi magana tunda babu murya.

To, wace zuciya ce ta firgita haka? Jamus ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 ta rasa sojoji wajen miliyan 2. Waɗanda suka dawo, da yawa ba ƙafa ko ba hannu, wasu jikinsu na rawa ba sa iya barci. Suka tarar mata sun riƙe masana'antu da ofisoshi, kuma a watan Janairun 1919 matan Jamus suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa karo na farko. A manyan birane sai ga 'yan mata sun rage gashi, suna karɓar albashi, suna fita ba tare da rakiya ba. Maza masu shirya fim a cikin wannan hali suke aiki. Hans Janowitz, ɗaya daga cikin marubutan Caligari biyu, shi kansa hafsan soja ne da ya dawo yana ƙyamar yaƙi.

Ki koma ɗakin Jane, budurwar da ake sacewa a Caligari. Garin duk kusurwoyi ne masu tsini, amma wurinta labule ne masu taushi da fararen mayafai. Tana kwance cikin fari, sai Cesare ya shigo ta taga cikin baƙaƙen kaya da suka ɗame jikinsa, da wuƙa a hannu. Fari da baƙi, mai kwance da mai tsaye, ba a buƙatar rubutu ko ɗaya. Amma ki tsaya a kan Cesare ɗin, wanda Conrad Veidt ya fito a matsayinsa. Siriri ne, idonsa da kwalli fiye da na Jane, tafiyarsa kamar rawa yana shafa bango. Ba shi da ikon kansa. A akwati yake kwana, ubangidansa ne ke tashinsa, ya ba shi abinci a baki, ya aike shi kisa. Da ya ɗauki Jane ya bi rufin gidaje da ita, ƙarfinsa ya ƙare, ya yar da ita ya faɗi. Wannan ba jarumi ba ne, ba kuma mugu mai ƙarfi ba. Saurayi ne da wani dattijo mai iko ya tura shi ya kashe mutane cikin barci, kuma masu kallo a 1920 sun san irin waɗannan samari a gidajensu.

Nosferatu na F. W. Murnau, 1922, shi ne ya fi taɓa ni a kan wannan batu. Sassa da yawa nasa a waje aka ɗauka, a wurare irin su garuruwan Wismar da Lübeck, don haka babu bangon fenti, inuwa ce ke yin aikin duka. Mijin Ellen, Hutter, ya karanta littafin da ke gargaɗi a kan mai shan jini ya yi dariya ya jefar, amma da dodon ya shigo masa ɗaki sai ya ja mayafi ya rufe kai. Likitoci da hukumar gari ba su iya komai ba, annoba na ɗibar mutane. Ellen ce ta karanta littafin ta gane cewa sai mace mai tsarkin zuciya ta riƙe dodon har zakara ya yi cara. Ta buɗe taga da hannunta, ta aiki mijinta ya kira wani farfesa. Abin da muke gani yana hawa bene inuwa ce, kuma inuwar hannu ce ta miƙe a kan farar rigarta ta damƙe daidai zuciyarta. Murnau ya mai da jikinta farin allon da ake haska tsoro a kai. Ita kaɗai ce mai ƙarfin hali a fim ɗin, kuma ladanta mutuwa. Duk wanda zai yabi jarumtarta, ya faɗi wannan ma.

Rabuwar da kika lura da ita, saliha da shaiɗaniya, a Metropolis na Fritz Lang, 1927, ta fito fili, domin mace ɗaya ce, Brigitte Helm, ta yi duka biyun, kuma fim ɗinta na farko ke nan. Maria ta gaskiya, budurwar da ke yi wa ma'aikata wa'azi, tana bayyana cikin yara, haske mai laushi ya kewaye kanta. A ramukan ƙarƙashin ƙasa kuwa Rotwang, wani masani mai ƙere-ƙere, ya farauce ta da hasken tocila, yana bin jikinta da shi har ta maƙale a bango. Butum-butumin da ya ƙera da kamanninta an ƙara mata baƙin kwalli, ido ɗaya a lumshe, kafaɗa a karkace. Lokacin da take rawa a gidan shaƙatawa, Lang ya cika allon da idanun maza zalla. Fim ɗin da kansa ya nuna inda fitinar take: namiji ne ya ƙera ta, namiji ne ya aike ta, idanun maza ne suka cinye ta. Duk da haka ita aka ɗaure aka ƙona. A ƙarshe kuma, sulhun da Maria ta daɗe tana wa'azinsa tsakanin ma'aikata da masu mulkin gari, maza uku ne suka haɗa hannu a kansa, ita tana gefe.

Don haka ba zan wanke fina-finan ba. Macen da ke da sha'awa ko murya a bainar jama'a ana hukunta ta, mai tsarki kuma ana sadaukar da ita ko a ajiye ta gefe. Amma idan kika rubuta cewa raini ne kawai, za ki rasa rabin abin da ke kan allo, wato maza masu suma, masu hauka, masu ɓuya a mayafi.

Kada kuma ki ɗauka mata ba su da hannu a aikin. Thea von Harbou ce ta rubuta labarin Metropolis, kuma wannan yana ƙara wa tambayarki nauyi, ba ya rage shi. Lotte Reiniger ta yanka takarda da almakashi ta yi dogon fim na inuwa zalla a 1926 daga labaran Dare Dubu da Ɗaya. Asta Nielsen ta fito a Hamlet a 1921, a matsayin gimbiyar da aka yi renonta da shigar maza. Lotte Eisner kuma, littafinta na 1952 yana cikin waɗanda suka koya wa duniya yadda ake karanta hasken waɗannan fina-finai.

Wajen aikinki, ki kula da kwafin da kike kallo. Metropolis an datse shi sosai bayan fitowarsa, sai a 2008 aka gano kwafi mai tsawo a Buenos Aires ta Ajantina, aka fitar da gyararre a 2010 da ƙarin wajen minti 25. Shi za ki nema. Caligari da Nosferatu kuma asalinsu an rina su da launi, shuɗi ko kore don dare, ruwan ɗorawa don rana, saboda haka kwafin fari da baƙi zalla zai ɓoye miki lokacin da abu yake faruwa.