Lauya ya yanka mini kuɗi, yanzu kuma ana ta ƙarin wasu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shari'ar fili a Babbar Kotun Jiha. Mun yi ciniki da lauya da baki, na biya rabi. Yanzu duk ranar zama sai ya ce in kawo kuɗin zuwa kotu, ga kuma kuɗin shigar da takardu. Haka tsarin yake ko ana cutata ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ba cuta ba ce, amma cinikin baki da kuka yi shi ya jawo wannan ruɗani. Kuɗin da ke fita daga aljihunka iri uku ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai ladan lauya na ɗaukar shari'ar. Akwai kuɗin halartar zama, wanda wasu lauyoyi ke sa shi cikin ladan, wasu kuma ke karɓa duk fita, musamman idan kotun na wani gari. Sai kuɗin kotu na shigar da ƙara da kai sammaci. Wannan ba na lauya ba ne, rajistara ke ƙayyade shi, kuma yana da rasidi. Ka nemi a nuna maka.

Shi ladan ana auna shi ne da darajar abin da ake jayayya a kai, yawan shaidu da takardu, matakin kotun, da shekarun lauyan a aiki. Mai muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, ba zai karɓi abin da wanda ya shekara 3 da fitowa ke karɓa ba. A 2023 an fitar da sabon tsarin ladan lauyoyi, ya maye gurbin na 1991. Ya kasa jihohi rukuni uku, ya kuma sa mafi ƙarancin abin da za a karɓa, ba mafi yawa ba. Tsarin ya ce lauya ya ba wanda ya ɗauke shi sharuɗɗan aiki a rubuce.

To ka koma ku zauna a rubuta: nawa ne jimilla, kashi nawa za a biya da lokacin kowanne, wa ke ɗaukar kuɗin mota da masauki, me zai faru idan an ɗage zama ba laifinka ba. Kada a manta da ɗaukaka ƙara. Nan ne aka fi ɓatawa, domin yawanci sabon aiki ne da sabon lada, mutane kuwa suna zaton kuɗin farko ya haɗa har Kotun Ƙoli.

Idan ya kawo lissafin da kake ganin ya wuce kima, dokar lauyoyi ta 1975 ta ba ka hanya. Ba zai iya kai ka ƙara kan ladansa ba sai ya miƙa maka lissafi a rubuce, da sa hannunsa, an kuma yi wata ɗaya. Cikin wannan watan kana iya roƙon kotu ta sa a tantance lissafin. Kada ka bari ya wuce.

Tambaya: Ba ni da abin biya. Ana iya cewa sai an ci shari'a lauya ya ɗauki kasonsa? Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Ana iya yi, Hajiya, a shari'ar neman haƙƙi kamar bashi ko diyya, amma ba a kare wanda ake tuhuma da laifi ba. A rubuta kason tun farko, a fayyace ko kafin a cire kuɗin da aka kashe za a lissafa shi ko bayan an cire, don bambancin ba kaɗan ba ne. Idan kuwa hali ya yi tsanani, ki je ofishin hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya, Legal Aid Council, a jiharku, da duk takardun da ke hannunki.