Ɗakin ƙarami ne, me zan kai wa Mama?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata mai shekara 81 ta koma gidan kula da tsofaffi wata biyu ke nan. Ɗakin gado ne da durowa da kujera ɗaya. Duk zuwan da na yi sai ta ce ita baƙuwa ce a wurin. In kwaso mata kayanta na gida in cika ɗakin?

Amsa: Malama, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Kada ki kwaso komai tukuna. Ki zauna gefen gadonta ki tambaye ta, cikin kayanta wanne ta fi kewa. Ke hankalinki na kan babban hoton bango, ita kuwa wataƙila tsohon bargon nan ne da bakinsa ya fara zarewa, ko kofin da ta saba shan ruwa da shi. Abu huɗu ko biyar da ta zaɓa da bakinta sun fi akwati guda da kika zaɓa mata.

Zaɓin nan kansa magani ne. A 1976, masana halayyar ɗan Adam Ellen Langer da Judith Rodin sun yi bincike a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Aka ba wasu tsofaffi shuka a tukunya aka ce su kula da ita da kansu, aka kuma bar musu zaɓi a kan tsarin ɗakunansu. Sauran an ba su shukar, amma ma'aikata ne ke ba ta ruwa. Bayan 'yan makonni, waɗanda aka ɗora wa nauyin sun fi kuzari da walwala. To ki bar Mama ta ce ga inda hoto zai zauna, ko da a idonki bai yi kyau ba. Ki fara da gado: zanin gadonta da matashinta na gida, domin a ƙaramin ɗaki gado ne ido ke fara sauka a kai. Ki sa a rubuta sunanta a jikinsu saboda wanki.

Tambaya: Mahaifina yana ƙorafin sanyin ƙasa. Zan iya shimfiɗa masa ƙaramin kafet a gaban gado?

Amsa: Malam, a nan kam sai dai ka yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Tsoho ba ya ɗaga ƙafa sosai, janta yake yi, bakin kafet kuwa nan da nan ya kama yatsa ko sandar dogarawa, balle da tsakar dare yana sauri zuwa banɗaki. Ka sama wa Baba takalmin ɗaki mai rufe dunduniya, wanda ƙasansa ba ya santsi. Adon ɗaki ka kai shi bango da taga. Hanyar gado zuwa banɗaki ta zama fayau, ba wayar wuta, da 'yar fitilar dare a kunne. In keken guragu yake amfani da shi, juyawa na buƙatar fili kimanin mita 1.5.

Tambaya: Mamanmu tana da cutar mantuwa. Mun jera mata hotunan jikoki, ko kallo ba ta yi. Da yamma kuma sai ta riƙa faɗa da madubi.

Amsa: Sannunku da ɗawainiya. Cutar nan sababbin abubuwa take fara sharewa, na da can su ne ke daɗewa. Jikan da aka haifa bara baƙo ne a wurinta, amma ku gwada hoton ƙuruciyarta ko na iyayenta, ku ga yadda fuskarta za ta sauya. Hotunan su zama manya, kaɗan, a daidai idonta in tana zaune, da sunaye a ƙasa.

Madubin kuwa, ba ta gane cewa ita ce a ciki, gani take wata tsohuwa ta shigo mata ɗaki. Ku rufe shi ko ku cire. Ruɗewar yamma sananniya ce ga masu wannan cuta, shi ya sa nake cewa a kunna fitila tun kafin rana ta faɗi, a ja labule, don gilashin taga ma madubi yake komawa in waje ya yi duhu. Amma in ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ku sanar da nas a ranar. Ciwon mafitsara ko sabon magani na iya jawo haka.

Tambaya: Ɗakin Mama warin asibiti yake yi. In kunna kyandir mai ƙamshi?

Amsa: A'a. Harshen wuta ba ya shiga ɗakin tsoho, musamman in akwai tukunyar iskar oksijin kusa. Ki kai mata sabulunta da man shafawar da ta saba, ki ɗan shafa turarenta a jikin matashi. In tana da asma, ki tambayi ma'aikatan jinya kafin turaren.