Yadda za ka tallafa wa dukawan shiyarku

Malam, ka tambayi yadda za ka taimaki dukawan shiyarku a Sakkwato alhali ƙarfinka kaɗan ne.

Fara da saye. In baduku ya faɗi kuɗin jakar fatar jar akuya, kada ka karya masa farashi. Dubi ɗinkin basillar nan, yini ya yi duƙe a kai. Sannan ka ɗauki hoton kayansa, da izininsa, ka sa a Facebook da sunansa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne a raba kuɗi rana ɗaya a watse. Gara ku ɗauki nauyin yaro guda ya koyi sana'ar.

In kuwa kana son shirya musu baje kolin kayansu, nemi shawarar ma'aikatan Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato. In kuma suna son yi wa ƙungiyarsu rajista, a nemi shawarar lauya.