Amsa: rubutu yana gogewa a jikin leda

Malam, ka ce rubutun da kake bugawa a ledar fiya wata yana gogewa da zarar an murza da yatsa, har ka canza tawada amma ba ta canza zani ba. Matsalar daga fuskar ledar take. Polietilin, wato robar da ake yin ledar da ita, kabon da haidirojin ne zalla, babu inda tawada za ta riƙe. Ƙarfin fuskarsa na kama tawada, a ma'aunin da ake kira dayin, wajen 31 ne, bugu kuwa yana son 38 ko fiye. Sai an bi da ledar ta na'urar korona, wadda tartsatsin lantarkinta ke dasa oksijin a saman robar. Wurin da tartsatsin ya taɓa kaɗai ke canzawa, shi ya sa galibi gefe guda ne gyararre.

Amma fa gyaran yana raguwa. Na sha ganin naɗin leda ya yi watanni a sito cikin zafin Kano, sinadarin santsin da aka zuba masa ya taso sama ya rufe fuskar. Kafin ka biya kuɗi a Sharaɗa ko Bompai, ka buga kaɗan a kowane gefe, ya bushe, ka manna salatif ka fizge. In tawada ta biyo shi, kada ka ɗauka.