Tambayi Injiniya: Fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa tun da aka wanke mini mota

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Toyota Camry ƙirar 2009, wadda ake kira Muscle, na saye ta 'yar Kwatano shekara biyu da suka wuce. Mako uku ke nan da na kai ta wanki, yaran suka ja kujerun gaba har ƙarshe suka jiƙa kafet da ruwa, kuma tun ranar fitilar nan mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa take kunne a dashbod. Wata rana idan an gyara kujerar mai zaman banza sai ta mutu, washegari ta dawo. Wani rewaya a Apo ya ce zai sa mini resista ta mutu har abada, wani kuma ya ce sai an canza ƙwaƙwalwar jakar iska gaba ɗaya. Wanne ne daidai, kuma zan iya ɗaukar iyali zuwa Kaduna a haka? Mai karatunku daga Kubwa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta shafi rai. Motar za ta tashi ta yi tafiyarta lafiya, tun da inji da birki ba su da alaƙa da wannan fitila. Amma muddin tana kunne, kada ka sa rai jakar iskar da ke gefen da ya samu matsala za ta buɗe idan wata mota ta buge ku ta ƙofa, kuma a wasu motocin sauran jakunkunan ma suna daina zama abin dogaro. Shawarata ita ce a duba ta kafin ka hau hanyar Kaduna, musamman da yake alamun da ka lissafa na gyara mai sauƙi ne.

Jakunkunan iska suna da ƙwaƙwalwarsu ta daban, ba irin ta inji ba, tana zaune a ƙasan mota ta tsakiya, kusa da wajen giya, kuma sunan tsarin duka shi ne SRS. Duk lokacin da ka murɗa makulli, takan kunna fitilar na kimanin daƙiƙa 6 tana bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kashe ta idan komai daidai yake, amma ba ta daina sa ido har ka kashe motar. Abin da take aunawa shi ne turjiyar da wuta ke samu a kowace hanya. Abin da ke tayar da jakar wani ɗan siririn zare ne cikin sinadari mai kama wuta, kuma turjiyarsa ba ta wuce ohm 2 zuwa 3 ba (ohm shi ne ma'aunin turjiya). Ka ga ratar ƙarama ce ƙwarai. Tsatsa 'yar kaɗan a bakin soket, ko fil ɗin da ya saki, ya isa ya ƙara ohm ɗaya ko biyu, ƙwaƙwalwar kuwa ba ta da hanyar bambance wannan da wayar da ke shirin tsinkewa, sai kawai ta kunna fitila ta ajiye lambar laifin.

Jakar gefe tana cikin jinginar kujera, ta ɓangaren ƙofa, don haka dole wayarta ta fito daga ƙarƙashin kafet ta hau jikin kujera, kujerar kuma kullum cikin motsi take gaba da baya. A nan ne soket mai launin rawaya yake, a nan ne kuma mafi yawan irin wannan matsala take ɓoye. Jan kujera har ƙarshe yana miƙe wayar, ruwan wanki yana shiga soket, ga kuma gorunan ruwa da takalma da lema da muke cusawa ƙarƙashin kujera suna dungurinsa a kowace gargada. Cewar da ka yi fitilar takan mutu idan an motsa kujerar mai zaman banza ita ce babbar shaida a wurina, domin ƙwaƙwalwar da ta ƙone ba ta warkewa don an gyara zama.

Duk da haka ba da zato ake gyara ba, da lamba ake farawa. A jona na'urar bincike a soket ɗin OBD mai fil 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, amma ka tabbata na'urar tana shiga SRS, domin ƙananan masu araha lambobin inji kaɗai suke karantawa, waɗanda ke farawa da harafin P, sai su ce maka babu laifi alhali ga fitila tana ci. Lambobin jakar iska da B suke farawa. A irin motarka, B1820 zuwa B1823 na jakar kujerar gefe ɗaya ne, B1825 zuwa B1828 na ɗayan, kuma kowace lamba tana faɗin irin laifin: ko wayoyin biyu sun goge sun haɗe, ko hanyar ta yanke, ko waya ta taɓa bodi, ko ta taɓa wata mai ɗauke da wutar batir. A rubuta lambar kafin a goge ta. Idan lambar ta nuna sensar gefe ce, wato na'urar da ke jin bugu, wadda ke cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, to ba a ƙarƙashin kujera aikin yake ba.

Kafin hannu ya taɓa kowace rawayar waya, a kashe mota, a cire kan batir na negatif, a jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, saboda ƙwaƙwalwar tana riƙe ragowar wuta don ta iya tayar da jaka ko da batir ya fashe a hatsari. Bayan nan a buɗe soket ɗin, a duba ko akwai laima ko koren tsatsa, a fesa maganin wanke soket, a bari ya bushe, a mayar har makullinsa ya kama, a ɗaure wayar yadda kujera za ta yi tafiyarta ba tare da ta ja ta ba. A ɗaga kafet a taɓa soson ƙasa, domin yakan riƙe ruwa kwanaki bayan sama ta bushe.

Abu ɗaya nake roƙonka ka tsaya a kansa: kada rewaya ya ɗora mitar awon wuta a kan wayoyin jakar kanta. Mita da nata batirin take awo, fitilar gwaji kuma ta fi ta haɗari, jakar da ta fashe a fuskar mutumin da ya sunkuya kuwa tana iya yi masa mummunan rauni. Waya kaɗai ake aunawa, bayan an cire ta daga jaka da kuma ƙwaƙwalwa. A sani kuma cewa waɗannan soket suna da ɗan ƙarfe a ciki da ke haɗe fil biyun da zarar an zare su, don kariya; wanda bai san haka ba sai ya ga sifili a mita ya ce wayoyi sun haɗe.

Resista kuwa, wato ɗan abin da ake jonawa a waya don ya ba wuta turjiya, a nan kayan gwaji ce, kuma tana da amfani a hannun wanda ya san aiki. Ana jona mai ƙarfin da ya dace a madadin jakar, a mayar da batir, a goge lamba: idan laifin ya tafi, matsalar tana ɓangaren kujera, idan ya zauna, tana wayar ƙasa ko ƙwaƙwalwa. Da an gama sai a cire ta. Wanda ya bar ta a ciki ya kashe maka fitila ne ya kuma kashe maka jaka, ƙwaƙwalwar tana ganin komai lafiya alhali babu abin da zai buɗe. Mai maganar canza ƙwaƙwalwa shi ma ya yi gaggawa, domin ita ce ta ƙarshe da ake tuhuma, bayan waya da soket sun kuɓuta, sai dai in an tarar ruwa ya kwanta a kanta. Ka sa a auna batir ma, tun da raunanannen batir yana iya kunna wannan fitila lokacin tashi. Idan kuma ka sa wa kujerun riga, ka duba gefensu: ɗinkin asali an yi shi ne don ya yage ya ba jaka hanya, rigar fata mai kauri kuwa tana iya tare ta.

Tambaya: Injiniya, ni tawa fitilar ba ta taɓa kunnuwa ba tun da na sayi motar, ko da na murɗa makulli. Wannan ba alamar lafiya ba ce? Wata mai karatu daga Gwarinpa.

Amsa: A'a, Hajiya. Mota mai lafiya dole ta nuna fitilar na 'yan daƙiƙu kafin ta mutu. Daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka akwai waɗanda suka yi hatsari jakunkunansu suka fashe, aka gyara jiki, aka cire ƙwan fitilar ko aka liƙe shi ta ciki. Ki sa a karanta ƙwaƙwalwar SRS da na'ura, a leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai resista a naɗe da salatif, sannan ki bincika tarihin motar da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba.